Katin Memorin Da Babu Wanda Ya Kalla: Sharhi Kan Fim Ɗin Les Misérables

Aikina magana ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama gaban makirufo da ƙarfe bakwai na safe, in karanta labarai, in buɗe layi masu saurare su kira. Rediyo ba ta da ido, duk abin da mai saurare zai gani sai wanda na zana masa da bakina. To amma tun da salula mai kyamara ta shiga hannun kowa, har mai shayi da ɗan kabu-kabu, da wuya gari ya waye ban tarar da bidiyo biyar ko shida a WhatsApp ɗin shirinmu ba. Wani na ambaliya ne, wani na hatsarin mota, wani kuma na mai kaki yana dukan wanda ba shi da kaki. Ƙarƙashin kusan kowanne saƙon ɗaya ne: "Malam, ku faɗa wa duniya."

Wannan ne ya sa fim ɗin Les Misérables na Ladj Ly, wanda ya fito a Faransa a 2019, ya tsaya mini a rai fiye da sauran finafinan ƴan sanda da na taɓa gani. Na fara kallonsa a 2020, na sake bayan an harbe matashin nan Nahel Merzouk a Nanterre a 2023, na kuma kalle shi karo na uku kafin in zauna wannan rubutu. Duk kallo sai ra'ayina ya ɗan gusa. Da farko yabo na yi masa ba ragi. Yanzu kuwa ina ganin rabin gaskiya ya faɗa game da bidiyo da ƴan sanda, ya kuma faɗe ta da kyau ƙwarai, amma ya kauce wa ɗaya rabin, wanda shi ne mai wuyar haɗiya.

Ga wanda bai san shi ba, Ladj Ly ɗan asalin Mali ne ta wajen iyaye, a unguwar Les Bosquets ta garin Montfermeil ya tashi, can gabas da Paris, cikin dogayen benayen da aka cunkusa talakawa da ƴaƴan baƙin haure. Sunan fim ɗin aro ne daga littafin Victor Hugo na 1862, wanda wani sashensa a wannan gari na Montfermeil yake faruwa, sai dai labarin ba na littafin ba ne. Ly ya daɗe yana yawo da kyamara a unguwarsu yana ɗaukar ƴan sanda in sun shigo sintiri, ya kuma ɗauki tarzomar 2005 daga ciki. A 2008 ya ɗauki ƴan sanda suna dukan wani saurayi da ke cikin ankwa, bidiyon ya fita a intanet, maganar ta kai kotu, aka sami wasu daga cikinsu da laifi. Ke nan mutumin ba labari aka ba shi ba. Fim ɗin ya sami kyautar alƙalai a bikin Cannes na 2019 tare da wani fim na Brazil, ya ci kyautar César ta gwarzon fim a 2020, ya kuma shiga jerin waɗanda aka zaɓa don Oscar.

Labarin bai kai kwana biyu ba. Stéphane sabon ɗan sanda ne da aka kawo daga Cherbourg, aka haɗa shi da wasu biyu a rundunar yaƙi da miyagun laifuka, Chris mai zafin kai da Gwada, baƙar fata wanda shi ma ɗan unguwar ne. A ranarsa ta farko wani yaro mai suna Issa ya sace ɗan zaki daga wurin masu wasa da namun daji, masu zakin suka shigo unguwa da sanduna suna barazana. Ƴan sandan suka gano yaron ta wani hoto da aka sa a Instagram, suka bi shi, yara suka taru suna jifa, cikin wannan ruɗani Gwada ya harbi Issa a fuska da bindigar harsashin roba, daga kusa. Yaro ya faɗi. Sai suka ji ƙara sama da kawunansu. Ashe wani yaron daban, Buzz, yana da ɗan jirgi maras matuƙi mai kyamara, kuma ya ɗauki komai.

Abin da na fi yaba wa Ly shi ne abin da ya biyo bayan wannan harbi. Yaro yana kwance jina-jina, amma idon Chris yana sama, yana bin jirgin. Ba asibiti suka nufa ba, cikin mota suka jefa yaron suka shiga farautar wanda ya ɗauki hoton. Magani ma a kantin sayar da magunguna Stéphane ya tsaya ya saya. Ba a buƙatar wani ya tsaya ya yi wa mai kallo jawabi, ka riga ka gane cewa a wurinsu masifar da ta auku ita ce an gani. Tun kafin nan ma Ly ya shirya mu: da safiyar ranar, a wata tashar bas, Chris ya tare wasu ƴan mata yana cin zarafinsu da sunan bincike, ɗayarsu ta ɗaga salula za ta ɗauka, ya fasa mata ita. Wannan ɗan gajeren fage ya nuna cewa tsoron kyamara ya riga ya zama ɗabi'a a aikinsu, kamar yadda direba ke duba madubi ba tare da ya yi tunani ba.

Abu na biyu shi ne yadda ya ƙi mai da Buzz gwarzo. Yaro ne mai gilashi, maras magana, wanda yake amfani da jirginsa yana leƙen ƴan mata ta tagogi, har suka gano suka titsiye shi. Bai fita don kare haƙƙin kowa ba, tsautsayi ne ya kai kyamararsa wurin. Wannan gaskiya ce da duk wanda ya yi aiki da irin waɗannan bidiyoyi ya sani. George Holliday, wanda ya ɗauki dukan Rodney King a Los Angeles ranar 3 ga Maris 1991, mai gyaran famfo ne da hayaniya ta tashe shi daga barci, ya ɗauko sabuwar kyamararsa ya tsaya a barandar gidansa. Darnella Frazier, wadda ta ɗauki mutuwar George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, yarinya ce ƴar shekara 17 da ta rako ƴar uwarta kanti. Shaida yakan faɗo wa mutum ne bai shirya ba, kuma sau da yawa ya fi ƙarfinsa.

Sai abu na uku, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Da Buzz ya ga ana binsa, sai ya zare katin memorin ya gudu da shi. Daga wannan lokaci katin ya zama haja. Chris yana so don ya tsira da aikinsa. Wani mai faɗa-a-ji na unguwa, wanda ake ce wa Magajin Gari, yana so don ya riƙe ƴan sanda a hannu. Dillalin ƙwaya da ke hulɗa da ƴan sandan yana so a rufe maganar don kada tarzoma ta ɓata masa kasuwa. Daga ƙarshe yaron ya kai katin wurin Salah, tsohon ɗan daba da ya tuba ya kama addini, yana sayar da gasasshen nama, kowa a unguwar yana jin nauyinsa. Duk manyan nan suka taru a shagonsa kamar ana cinikin sa ranar kasuwa. A duk wannan kai-da-kawo, ban ga inda wani ya zauna ya kalli abin da ke cikin katin ba, ban kuma ga wanda ya tambayi Issa abin da yake so a yi ba. Ana ta ciniki a kan fuskarsa, shi kuwa yana can kumbure.

Stéphane ne ya karɓo katin, da lalama. Ya ce wa Salah kuskure ne aka yi, ya tuna masa 2005, lokacin da aka ƙona motoci makonni ana tarzoma bayan mutuwar wasu yara biyu a Clichy-sous-Bois, ya ce me unguwa ta samu ban da ƙarin wahala? Ya yi alkawarin shi zai ɗauki nauyin maganar. Salah ya ba shi, tare da gargaɗin cewa ɓoye kati ba zai hana fushin yara fitowa ba. Da dare Stéphane ya sami Gwada, ya gaya masa ya san wannan bindiga ba ta tashi da kanta, sannan ya miƙa masa katin ya bar shi da zuciyarsa. Wato shaidar ta yi yawo ta dawo hannun wanda ake tuhuma.

A kallona na farko Salah ya burge ni. A na biyu kuwa sai na ji kunya, don na gane kaina a cikinsa. Shekaru kaɗan da suka wuce wani matashi mai sayar da katin waya ya turo mini bidiyo na daƙiƙa arba'in da wani abu. Jami'an tsaro uku ne suka kewaye wani ɗan kabu-kabu a bakin titi, yana ƙasa, ɗaya yana takarsa da takalmi. Na bincika, na gane allon wani shago a bayansu, na tabbata a garinmu ne kuma jiya-jiya ne. Kafin in shiga situdiyo wanda ya turo ya kira ni muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, don girman Allah kada ka ce ni ne, kullum ta gaban teburina suke wucewa." Na je wurin shugabana, ya kalla sau biyu, ya ce, "Ka san dokar nan, ka san halin da muke ciki. Jira sanarwa." Sanarwa ta zo da hantsi, cewa an samu hatsaniya tsakanin jami'ai da wani mai babur da ya ƙi tsayawa, kuma ya ji ɗan rauni a yayin kama shi. Ita na karanta, kalma da kalma, alhali abin da na gani yana cikin aljihuna.

Bayan kwana biyu yayan ɗan kabu-kabun ya zo har tasharmu. Ni na ɗauka faɗa ya zo yi, ashe roƙo ya kawo. Ya ce, "Malam, manya sun shiga maganar. An biya kuɗin asibiti, an maido babur. Don Allah a bar ta. Mu talakawa ne, gobe ma a wannan titin zai nemi abinci." Na ce masa ba komai, Allah ya ƙara sauƙi. Har na ji daɗi a raina cewa an yi sulhu, ni ma an sauke mini kaya. Ba wanda ya yi mini barazana, ba wanda ya ba ni ko dala. Hujjar da Stéphane ya ba Salah ita ce na ba kaina: in an fitar, me za a samu ban da fitina? Shi ya sa nake cewa wannan rabin gaskiyar Ly ya kama ta daram. Kafin bidiyo ya zama shaida sai ya bi ta hannun mutane masu haya da za su biya, da ƴaƴa, da maƙwabta, kuma yawancinsu a nan suke mutuwa, a hannun mutanen kirki.

Yanzu ga inda nake da ja da fim ɗin. Tunda Ly bai bari bidiyon ya fita ba, ya bar mai kallo da zaton cewa da ya fita da komai ya canza. Yadda kowa ke rawar jiki a kan katin ya sa ka ɗauka bam ne, wanda in ya tashi gaskiya za ta yi halinta nan take. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Bidiyon Rodney King duniya duka ta gan shi, mutum a ƙasa ana zabga masa kulki fiye da sau hamsin. Da aka je kotu a garin Simi Valley, lauyoyin ƴan sandan ba su musanta bidiyon ba, da shi ma suka yi aiki. Sun rage masa gudu, suka yanka shi hoto-hoto, suka kawo masana suna bayani cewa nan ya ɗaga ƙafa, nan ya motsa kafaɗa, don haka kowane duka martani ne ga wani motsi. Sun kuma nuna ƴan daƙiƙoƙin farko masu dishi-dishi, waɗanda gidan talabijin ya yanke, inda ake ganin King ya tashi ya nufi wajen wani ɗan sanda. Ranar 29 ga Afrilu 1992 masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda babu baƙar fata ko ɗaya cikinsu, suka wanke ƴan sandan huɗu daga kusan dukkan tuhumar. Birnin ya kama da wuta, mutum fiye da hamsin suka mutu. Sai a 1993 kotun tarayya ta ɗaure biyu daga cikinsu wata 30 kowanne. Haka Eric Garner a New York a watan Yulin 2014: an ɗauki yadda aka shaƙe shi yana cewa ba ya iya numfashi, amma a watan Disamba aka ce babu tuhumar da za a yi wa ɗan sandan, sai a 2019 aka kore shi daga aiki.

Abin lura a nan shi ne hoto ba ya magana da bakinsa, sai wanda ya yi masa tafinta. Kuma a kotu, wanda ya fi kuɗin lauya da masana shi ya fi iya tafinta. Da Ly ya bar katin Buzz ya fita, da dole ya amsa tambayoyin da suka fi na shagon Salah wuya. Jirgin daga sama yake ɗauka, ba a jin abin da aka faɗa a ƙasa. Za a ga yara suna jifa kafin harbin. Lauya zai tsayar da hoton a daidai inda dutse yake cikin iska, ya ce wa kotu ga abin da Gwada ya gani. Za a tono cewa Issa ɓarawo ne, ya saci kaji, ya saci zaki. Za a tono cewa mai jirgin ɗan leƙen asirin mata ne. Wannan shi ne fim ɗin da nake so in gani, kuma mutumin da ya taɓa bin nasa bidiyon har kotu ya fi kowa cancantar ya yi shi. Sai ya zaɓi ya rufe da wuta da hayaƙi a matakalar bene, abin da ya fi kyan kallo, ya kuma fi sauƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa bidiyo ba shi da amfani. Yana da aiki guda da babu abin da ya kai shi iyawa, kuma shi ma fim ɗin bai nuna shi sosai ba: yana karya rahoton farko. Sanarwar farko da ƴan sandan Minneapolis suka fitar kan George Floyd cewa ta yi wani mutum ya mutu bayan rashin lafiya ta kama shi a lokacin da ƴan sanda ke hulɗa da shi, ba ta ambaci gwiwa a wuya ba. Bidiyon yarinyar nan ne ya rushe ta, daga baya aka lissafa minti tara da daƙiƙa 29, aka sami Derek Chauvin da laifin kisa a watan Afrilun 2021, aka yanke masa shekara 22 da rabi. A Paris, ranar 21 ga Nuwamba 2020, ƴan sanda suka bi Michel Zecler, mai shirya waƙoƙi, cikin situdiyonsa suka lakaɗa masa duka, sannan suka rubuta cewa shi ya far musu. Shi aka tsare. Kyamarar tsaron situdiyon ce ta cece shi, aka janye tuhumar da ake masa, aka koma tuhumar su, har da laifin rubuta rahoton ƙarya. Ranar 27 ga Yuni 2023 labarin farko kan Nahel shi ne ya taho da mota zai take ƴan sanda. Cikin ƴan sa'o'i bidiyo ya nuna suna tsaye ne a gefen motar, ta wajen tagar direba, aka tuhumi wanda ya yi harbin.

A dukkan ukun nan takarda ta riga bidiyo fita, kuma da ba don bidiyon ba, takardar ce za ta zama tarihi. A fim ɗin akwai ɗan alamar wannan, inda Chris ya sauke Issa da yamma yana koya masa ya ce faɗuwa ya yi. Amma Ly ya wuce wurin da sauri. A ganina nan ne ainihin filin dagar, tsakanin abin da aka gani da abin da aka rubuta, kuma a nan ne mu ƴan jarida muke shigowa, don mu ne muke ɗaukar takardar mu kai ta kunnen jama'a. Hausa ma tana da wata ƴar kalma da ke sauƙaƙa mana wannan aiki, wato "an". An samu hatsaniya. An yi arangama. An ji rauni. Harsashi ya same shi, kamar harsashin ne ya fito yawo da ƙafarsa. Da wannan "an" ɗin na rufe mutum uku da takalmansu a wancan hantsi, ban yi ƙarya ko ɗaya ba.

Akwai wani gurbi kuma. Kusan duk tsawon fim ɗin a cikin motar ƴan sanda muke zaune. Da idon Stéphane muka shiga unguwar, shi ne baƙon da ake zagayawa da shi, mu ma muna biye. Da dare an bi kowannensu gida: Chris da ƴaƴansa mata, Gwada yana kuka gaban mahaifiyarsa, Stéphane shi kaɗai a ɗakin da bai gama kwance kaya ba. Na fahimci manufar, Ly yana so ya ce su ma cikin matsi suke, kuma wannan adalci ne da ya kamata a yaba. Amma Issa fa? An harbe shi, an kuma bar mai zakin ya shigar da shi keji don ya tsorata shi har ya yi fitsari a wando, duk da haka da ƙyar muka ji muryarsa. Washegari sai ga shi ya zama jagoran yara masu rufe fuska. Mun ga ciwon, mun ga ramuwar, ba a bar mu mun zauna da yaron a tsakani ba. Iyaye mata ma sai jefi-jefi, alhali a zahiri su da ƴaƴansu mata ne ke ɗaukar hoton mamaci su yi shekaru suna zarya kotu, kamar yadda Assa Traoré ta yi bayan mutuwar ɗan'uwanta Adama a hannun jandarmomi a 2016. Fim ɗin da ke kukan cewa babu wanda ya tambayi Issa, shi ma bai tambaye shi ba.

Ambaton Adama Traoré ya kawo ni ga wani haɗari da ya kamata mu yi hattara da shi, mu masu murna da zuwan kyamara. Babu bidiyon abin da ya faru da shi a lokacin kamun. Babu na Zyed Benna da Bouna Traoré, yaran da lantarki ya kashe ranar 27 ga Oktoba 2005 a Clichy-sous-Bois suna gudun ƴan sanda, waɗanda mutuwarsu ta haddasa tarzomar da Stéphane ke tuna wa Salah. Shekara goma aka yi ana shari'a, a 2015 aka wanke ƴan sanda biyun da aka gurfanar. Idan muka saba da cewa sai mun gani za mu yarda, to wanda aka daka a ɗakin tsare mutane, ko a daji, ko da dare inda babu fitila, ya rasa mai gaskata shi. A shirina na sha jin mai kira yana ba da labarin abin da aka yi masa, wani ya bugo bayansa ya ce, "Ina bidiyon?" A da shaidar mutum biyu masu mutunci ta isa a saurare ka. Kada kyamara ta sa mu rage wa bakin mutum daraja.

Ga kuma ɗaya gefen. Cikin bidiyoyin da ake turo mini, da yawa tsofaffi ne aka sake musu suna, wasu daga wata ƙasa, wasu an yanke farkonsu. Ɗan sanda ma yana da haƙƙin kada a rataya masa laifin da aka yi a wani gari shekara biyar baya. Sannan mai ɗaukar hoton kansa yana cikin haɗari. A Faransa, a daidai makon da aka daki Zecler, majalisa tana muhawara kan sashe na 24 na wata dokar tsaro da zai hukunta yaɗa hoton ɗan sanda da nufin cutar da shi. Jama'a suka fito zanga-zanga, aka sake rubuta sashen, a watan Mayun 2021 majalisar kare tsarin mulki ta soke shi. Mu nan Nijar dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, kuma ita shugabana yake nufi da ya ce na san dokar. Buzz yana da benaye da lunguna da zai ɓuya. Mai sayar da katin wayata teburi ɗaya gare shi a bakin titi, kowa ya san wurin.

A ƙarshen fim ɗin yaran sun ritsa ƴan sandan uku a matakala. Stéphane yana dukan wata ƙofa yana neman a buɗe, ashe gidan su Buzz ne, yaron yana ciki bai buɗe ba. Issa yana tsaye da kwalbar fetur mai ci da wuta, Stéphane ya auna shi da bindiga, sai hoto ya ɗauke. Mutane da yawa sun yaba wannan rufewa, wai an bar wa mai kallo hukunci. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙofar. Yaron ya ga abu, ya kai wa babban da ya fi amincewa da shi, babban ya miƙa wa ɗan sanda. Ban ga dalilin da zai sa ya sake buɗe wa wani babba ƙofa ba.

Duk da ja-in-jar da na yi da shi, ina ba duk mai aikin jarida shawara ya nemi fim ɗin nan ya kalla, haka ma duk wanda ya taɓa ɗaga salula a bakin titi, da wanda ke sa kaki. Ni dai ya canza mini abu uku a aiki. Duk bidiyon da ya zo sai na tambayi wa ya ɗauka, a ina, yaushe, da abin da ya faru kafin a danna. In na tabbatar da shi kuma sanarwa ta zo da wani zance daban, nakan karanta sanarwar, sannan in ce akwai hoton da muka gani wanda ya nuna kaza, in tsaya a kan abin da idona ya gani. Sannan ina ƙoƙarin rage "an" a inda na san wanda ya yi. Ba kullum nake iyawa ba, akwai ranakun da har yanzu nake jiran sanarwa.

Ɗan kabu-kabun nan yana nan yana sana'arsa. Sau biyu ya taɓa ɗauko ni zuwa wurin aiki. A karo na biyu da ya ji muryata ya gane ni, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce ai shi kullum da shirinmu yake karyawa. Na matsa masa ya karɓa, ya rantse ba zai karɓa ba. Bidiyon yana nan a tsohuwar salulata cikin durowa, ban goge ba, ban kuma taɓa gaya masa ina da shi ba.